Kaya na fita amma jari bai ƙaruwa: ina ake rage kuɗin fata da zif?

Maman Hadiza, Talaje, Yamai

Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni shiga aikin fata.

Na koyi ɗinkin fata a hannun gwaggota, wadda ta daɗe tana aiki tare da masu sana'ar hannu na Wadata. Bara bayan babbar salla na fara nawa a gida. Ina yin alabe na mata, da ƙananan jakunkunan ratayawa, da gidan waya, wani lokaci har gafaka in wani ya sa a yi masa. Jarina jikka sittin ne, wato sefa dubu sittin, kwasar adashina, sai keken ɗinki na ƙafa da mahaifiyata ta bar mini. Keken ba ya huda fata mai kauri, shafi kawai nake ɗinkawa da shi, sauran aikin duk da basilla ne.

Alhamdu lillahi kaya na fita. Matan unguwa suna saye, wasu kuma su gani a WhatsApp su aiko kuɗi ta Nita ko Amana. Abin da ke hana ni barci shi ne in wata ya ƙare na zauna na ƙirga, sai in tarar jarin na nan yadda yake, ko dala bai ƙaru ba. Jakar da nake sayarwa jikka huɗu da dala ɗari, in na cire fata da zif da zobba da ƙarfen maɗauri da kol na manna fata da zare da shafi da kuɗin taksi, abin da ke saura bai kai cefanen yini ba. Ga shi jaka guda ta fi yini tana hannuna, yatsuna duk sun yi kanta.

Fata ɗaya ɗaya nake sayenta, ko biyu, wurin wani mai shago, rinanniya. Zif da ƙarafa kuma a Babbar Kasuwa. Gwaggo ta ce tun da aka rufe iyakoki a 2023 kayan waje suka hau, kuma ko da aka buɗe ta Najeriya a watan Maris na 2024 ba su koma yadda suke ba. Masu shago su ce maka kayan da a da suke biyowa ta Kwatano yanzu sai sun zagayo ta Lome da Burkina, kuɗin mota ya ƙaru.

To ku da kuka daɗe a ciki, ina kuke rage kashe kuɗi ba tare da kaya sun lalace ba? Wani maƙwabcinmu ya ce in jira layya in tara ɗanyun fatu a unguwa in kai a jeme mini. Wata kuma ta ce in bar wahalar fata in koma ta roba, wadda ake aunawa da mita, wai masu saye ba sa bambancewa. Raina bai kwanta da wannan ba, amma kuma ina da yara uku, sana'ar nan ba ta wasa ba ce a wurina.

Baba Baduku, Tawa

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya sa albarka. Dukanci gadona ne, a gaban mahaifina na fara riƙe basilla, kuma har yau shi ke ciyar da gidana, don haka zan faɗa miki abin da na sani.

Maganar roba ki bar ta. Araha ba ta ado. Zafin watan Afrilu kaɗai ya isa ya sa fuskarta ta fara saɓulewa, kuma matar da jaka ta saɓule mata a gidan biki ba za ta sake neman lambarki ba. Bayan haka, jakar roba ta Sin ta cika kasuwa a farashin da hannunki ba zai taɓa iya kamowa ba. Abin da kike da shi wanda su ba su da shi, fata ce ta gaskiya da ɗinkin hannu.

Kuɗɗinki na zubewa ne a wuri biyu: inda kike sayen fata, da yadda kike yanka ta.

Mai shagon nan ba shi ke jima ba. Wurin majema yake ɗaukowa ya ɗora ribarsa. Ku a Yamai kuna da majema a Gamkalle, bakin kogi. Ki tafi da kanki da safe, ki gaishe su, ki ce ke baduka ce mai farawa, ki zaɓa da hannunki. In kinka ɗauki fata, ki ɗaga ta saitin rana, duk inda wuƙar mahauci ta shafta zai fito fili ko da bai huje ba. Ki ninka gefe guda ki matsa da ƙarfi, in fuskar ta tsage to ta bushe fiye da kima ko ba ta sha mai ba. In sun yarda ki ɗan yanki bakin wuya ki dubi tsakiyar kaurin. In kinka ga fari fari a tsakiya, bagaruwa ba ta ratsa ba, an yi gaggawar fidda ta, kuma irin wannan ita ke taurarewa ta yi wari da damina.

Ga abin da masu farawa ba su sani ba. Majemi yana ware fata kashi kashi. Mai kyau sarai, ba huji ba tabo, ita ce mai tsada, ita manyan masu jaka ke rububi. Mai huji ɗaya ko biyu, ko tabon ƙaya, tana sauka sosai, alhali jimarsu ɗaya, a rami ɗaya anka jiƙa su. Ke kuwa alabe da gidan waya kike yi, guntayen da ba su wuce tafin hannu biyu ba. Me za ki yi da fata marar huji? Ki sayi mai huji ki kewaye hujin. Mai tsada ki bar ta sai ranar da anka ba ki aikin gafaka ko babbar jaka mai fuska guda.

Ki kuma bambance akuya da tunkiya. Fatar akuya ita ke da ƙarfi da fuska mai kyau, musamman jar akuya ta Maraɗi. Irinta ce da ta Sakkwato fatake sunka riƙa ratsa hamada da ita tun zamanin kakanni, har Turawa sunka ɗauka fatar Maroko ce don can suke sayenta. Fatar tunkiya tana da laushi da faɗi, ta fi araha, amma tana miƙewa kuma ɗinki na iya yage ta. Ki sa akuya a waje da maɗauri, tunkiya a ciki da aljihu. Wanda ya sa akuya ciki da waje ya zubar da kuɗɗi inda ido bai gani.

Sai yanka, kuma nan nake so ki natsu. Kowane irin kaya da kike yi, ki fitar da siffarsa a kwali, kowane ɓangare daban. Kafin wuƙa ta taɓa fata, ki shimfiɗa ta ki jera kwalayen duka a kai, ki juya su ki sake juyawa har sai sun matsu da juna. Kada ki yanka jaka ɗaya yau, gobe ki dawo ki yanka wata a abin da ya saura. Haka ne ke barin tsibiran fata da ba su isa komai ba. Ki yanka fatar gaba ɗaya a zama guda: jaka a tsakiya, alabe a gefe, ƙananan abubuwa a lungu. Gadon baya shi ne mafi ƙarfi, nan za ki fidda fuskar jaka, kuma maɗauri a bi tsawon baya da shi, daga wuya zuwa wutsiya, don kada ya miƙe. Ciki da hammata suna da taushi, su tafi aljihun ciki. Abin da ya rage kada ki share shi. Ni a rumfata akwai ƙwarya da nake tara guntaye. Daga cikinta tuntu ke fitowa, da maƙalin mabuɗi, da gidan laya, da siririn zaren fata da nake ɗinkin ado da shi. Ranar Lahadi, kasuwar Tawa, sau da yawa waɗannan ƙananan ke biyan kuɗin fatar duka, manyan kaya su zama riba.

Rini ma kina iya yi da kanki, ki sayi fata fara. Ja daga karan dafi muke samu, a daka a jiƙa da ruwan toka ko ɗan kanwa. Baƙi kuwa kuloko ne: tsofaffin ƙusoshi da guntayen ƙarfe masu tsatsa a jiƙa a tulu da ruwa da ɗan abu mai tsami ko sukari, a bar shi ya kwana biyu har ya yi. Ruwan ba baƙi ba ne sosai, amma da ya taɓa fatar da ta sha bagaruwa sai ta koma baƙa ƙirin, don ƙarfen da bagaruwar ne ke haɗuwa. Shi ya sa ba ya kama fatar masana'anta da anka jeme da magani. Ku da kuke da kasuwar Katako, ƙarfe mai tsatsa ba zai yi miki wuya ba.

Fatun layya, maƙwabcinki ya yi nufin alheri amma ban ba ki shawara ba. Yawancinsu na raguna ne, ke kuwa akuya kike buƙata. Masu fiɗa ranar salla da yawa ba mahauta ba ne, wuƙa ta ci fatar ko'ina. Kuma ɗanyar fata in ba ta sha gishiri da yawa a ranar ba, cikin zafin nan kafin gari ya waye ta fara ruɓa, gashi na zuba. Ki biya gishiri, ki biya ɗauka, ki biya jima, ki jira, rabi su fito ba su da amfani. Wanga aikin masu tara fata ne. Abin da za ki yi, ki je wurin majema makonni kaɗan bayan layya, lokacin fatar tunkiya ta yi yawa a hannunsu, ki ɗauki ta shafi da sauƙi.

Yaya Rabi, Bukoki

Sannu Maman Hadiza, sannu da ƙoƙari. Baba ya gama magana a kan fata, Allah ya ƙara masa lafiya. Ni jakunkunan atamfa da na duwatsun ado nake yi, amma zif da ƙarafa da kol duk ɗaya muke saye da ku.

Ƙanwata, daina sayen zif ɗaya ɗaya. Wanda aka riga aka yanka aka sa masa kai, kina biyan aikin wani ne, kuma sau da yawa tsawonsa ya fi abin da kike so, ki yanke ki zubar. Ana sayar da zif naɗi guda, mita da yawa, kawunansa kuma daban a ƙunshi. Ki yanka daidai bakin alabenki, ki zura kai, ki ɗinke ƙarshen. Zura kan yana ba da wuya da farko, daga baya hannu ya saba. Ki tsaya a kala biyu, baƙi da ruwan ƙasa, sun shiga da kowace fata. Kala kala ita ke kwantar da kuɗi a cikin kwali.

Na san za ki ce ina kuɗin naɗi guda. Mu nan haɗuwa muke yi, mu biyar, da masu ɗinki biyu a cikinmu. Kowace ta faɗi abin da take so, mu tara kuɗi, mutum ɗaya ta shiga faba-faba ta je kasuwa ta sayo a farashin sari, mu raba a tsakar gida da mita da almakashi. Kuɗin mota sau ɗaya, kuma mai shago in ya ga dozin dozin kike ɗauka, bakinsa daban ne. Ki duba cikin ɗaliban gwaggonki, ba za ki rasa biyu ko uku masu irin damuwarki ba. Ko Gamkalle ɗin da Baba ya ce, in kun je da kuɗin fata goma a hannu ɗaya, ba daidai yake da mai neman ɗaya ba.

Ƙarfen maɗauri da zobba kuwa, ni wurin masu bosho, wato gwanjo, nake samun mafi kyau. Tsofaffin jakunkuna da bel da suka yage, waɗanda ba mai saye, mai kaya murna yake a raba shi da su. Jikin ya mutu amma ƙarafan na nan garau, kuma sun fi sababbin da ake kawowa yanzu nauyi, ba sa yin tsatsa da wuri. In ciccire, in wanke da toka da lemun tsami, su yi ƙyalli. Jaka guda tana iya ba ki zobba huɗu da ƙugiya biyu da zif mai kyau.

Shafi kuma kada ki ƙara sayen yadi. Ki yi shiri da tela biyu a unguwarku. Gab da salla ƙyallayen atamfa da shadda har buhu suke cikawa, wasu ƙonawa suke yi. Ni nakan yi wa matar telana ɗan alabe kyauta, shi kuma ya ajiye mini manyan guntaye. Mata na son su buɗe jaka su ga shadda a ciki.

Kol, babban gwangwani ya fi araha, amma in kina buɗe shi kullum zafi zai daskarar da rabi. Ki zuba kaɗan a ƙaramar kwalba mai murfi, babban ki rufe shi da leda ki ɗaure ki ajiye a inuwa. A shafa shi siriri a fuska biyu, a jira ya sha iska har ya daina bin yatsa, sannan a haɗa a bubbuga. Aikinsa ya riƙe miki kafin ki ɗinka, ɗinki ne ke riƙe jaka.

Wuri ɗaya zan ɗan saɓa da Baba, ya yi mini afuwa. Rini a bar shi tukuna. Shi ya gaji abin, hannunsa ya san awo. Mai farawa in ta ɓata fata biyu wajen gwaji, ribar wata ta tafi, kuma jan da bai kama da kyau ba yana zuba a jikin farar shadda. Na ga yadda wata ta dawo wa ƙawata da jaka a kan haka, da hawaye, don kayan aurenta ne suka ɓaci. In za ki koya, ki koya a guntaye.

Sai bashi. A unguwa shi ke kashe mu fiye da tsadar zif. Wadda ta sa ki yi mata kaya ta ba da rabin kuɗi tun farko, da shi za ki sayi kayan aikin, jarinki bai motsa ba. Kuma ki fara tara kaya masu kyau kaɗan kaɗan saboda SAFEM, baje kolin sana'ar hannu na mata. Mu rumfa ɗaya muke kamawa mu raba kuɗin.

Ɗan Ƙonni

Tanti, ina wuni. Ni ba baduku ba ne, amma ina yi wa yayana lissafin shagonsa na takalma a nan Ƙonni, kuma ni ke tsallakawa Illela sayo masa kol da zare da ƙusa.

Mutane za su ce miki kayan Najeriya sun fi araha, ki aika Kano ko Sakkwato. Wani lokaci gaskiya ne, amma ya danganta da canjin naira na ranar, kuma kafin kaya su iso Yamai kin biya ɗan aike, kin biya mota, ga abin da ake biya a hanya. Mu da iyaka ke bakin ƙofarmu yana fitar da mu. Ke da jarin jikka sittin ban ga zai fitar da ke ba, sai in ƙungiyar da Yaya Rabi ta faɗa ta yi ƙarfi kuna sayen kwali guda. Kuma kada ki tura kuɗi ga wanda kika gani a Facebook kawai da hoton kaya.

Abin da zan roƙe ki shi ne kaye da bik, wato littafin rubutu da biro. Kowane irin kaya shafinsa. A ce fata ta tsaya miki jikka uku, kika fidda jaka ɗaya da alabe biyu da maƙalin mabuɗi huɗu a cikinta, to ki raba jikka ukun a kansu gwargwadon girman kowanne. Ki ƙara zif da ƙarfe da rabon kuɗin mota, ki kuma rubuta ladan hannunki kamar wata kika ɗauka aiki. Da muka yi wa yayana haka, sai ga shi takalmin da ya fi fita shi ne wanda ba ya kawo komai, na yara kuwa da yake rainawa su ke riƙe da shagon. Ina zargin jakarki ta jikka huɗu da dala ɗari haka take. Mai yiwuwa alabe da gidan waya ne ribarki, jakar kuma ko ki ƙara mata kuɗi ko ki riƙa yin ta sai an sa ki.

Maman Hadiza, Talaje, Yamai

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Baba, na nuna wa gwaggo abin da ka rubuta, ta ce haka mahaifinta yake yanka fata, a zama guda. Ta yarda za ta raka ni Gamkalle don ta san wasu daga cikin majeman, kuma ɗalibanta biyu sun ce za su sa kuɗinsu. Yaya Rabi, telan bakin layinmu ya ce in zo in kwashi ƙyallaye duk ranar Alhamis. Ƙanena na Ƙonni, na fara kayen, kuma zarginka ya fara kama da gaskiya: gidan waya ba ya cin zif ba ya cin ƙarfe, fatarsa kaɗan, ga shi samari na saye ba ciniki.

Saura tambaya ɗaya, Baba. In na sayi fata da yawa lokaci guda, ina zan ajiye ta? Ɗakinmu ɗaya ne da falo, kuma da damina ƙasan yana yin sanyi har tabarma na yin fumfuna. Ina tsoron in rage kuɗi a wurin saye in yi asararsa a ajiya.

Baba Baduku, Tawa

Tambaya mai kyau, ɗiyata. Rabi ma ta yi gaskiya a kan rini, ki fara da guntaye, kuma duk abin da kinka rina ki goga shi da farin ƙyalle mai ɗan laima kafin ki yanka. In ƙyallen ya ɗauki kala, ki ɗauraye, ki shanya a inuwa, ki shafa ɗan man gyaɗa da kakin zuma ki murza da gindin kwalba har ya daina. Fatar da ta sha kuloko ma tana son mai, don ƙarfe na busar da ita.

Ajiya kuwa, kada ki ninka fata, ninki na barin layi da ba ya fita. Ki naɗe ta, fuskar a ciki, ki ɗaure da ƙyalle ba da roba ba. Kada ta shiga leda, nan take yin gumi ta yi fumfuna, tsohon zane ya fi. Kada ta taɓa ƙasa ko bango, saboda laima da gara. Ki kafa ƙusa biyu sama kusa da rufi ki ɗaura igiya, ki rataye naɗin a kai. Rana ma ba ta so, tana duhunta fara kuma ta busar da ita. Da damina ki riƙa warware su lokaci lokaci su sha iska a inuwa, in kinka ga fari ya fara fitowa ki goge da ƙyalle da ɗan binegar cikin ruwa. Da hunturu kuma akasin haka ne, bushewa za ki yi tsoro, sai ki ɗan shafa mai a bayan fatar, kaɗan, kada ya ratso fuska.

Kuma kada ki sayi abin da ya wuce aikin wata biyu, ko da sun yi miki sauƙi. Ki bar kashi ɗaya cikin uku na jarin a hannu saboda zif da aikin da zai faɗo ba shiri. In kun je Gamkalle ku ɗauki kwalayenku na siffa a jaka, ku ɗora su a kan fatar tun a can, ku ga ko hujin zai faɗa inda za a iya kewaye shi kafin ku biya.